Jan Kofi

Litinin, 7:40 na safe

Littafin nan na saye shi ne don tsara aiki, ga shi tun shafin farko zan fara da ƙorafi. Ba komai, takarda ba ta kai tsegumi ofishin Manaja.

Ina zaune a bencin ƙasan bene, ban hau ba tukuna. Tun abin da ya faru ranar Alhamis ƙafata ba ta son matakalar nan. Ba zan rubuta shi ba, na gaji da jin sa. Asibitoci uku sun wuni suna rubuta sunayen marasa lafiya a takarda, wayar ofis ta yi ta kuka har yamma. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Bari dai in rubuta yadda muke aiki, ko don ranar da zan tsufa in buɗe littafin nan in rasa gane kaina. Mu bakwai ne a ɗaki ɗaya, muna yin manhajar da ƙananan asibitoci ke tsara layin ganin likita da ita. Duk wanda ya gama gyara sai ya tura, na'urar gwaji ta karɓa ta jera masa gwaje-gwaje ɗari huɗu da 'yan kai, minti goma sha huɗu, ba sa hannun kowa. In duk sun wuce, babban allon bango ya yi kore. In ko ɗaya ya faɗi, ja. Ni ce mai kula da gwaje-gwajen nan, shekarata ta huɗu ke nan.

Muna kuma da jan kofin roba mai tsagaggen hannu. Wanda ya mai da allo ja, sai a dire masa kofin a tebur, ya zauna da shi har wani ya karɓe shi. Da wasa aka fara, har tafi ake yi. Wata takwas ke nan kofin ya tare a teburin Dattijo, sai dai ya je wa wani yini ya dawo.

Litinin, 2:15 na rana

Manaja ya kira ni, ya ce in rufo ƙofa.

"Malama, kin san kwantiragin Dattijo zai ƙare ƙarshen watan nan?"

"Na sani, Yallaɓai."

"To ba na jin zan sabunta shi."

Ya turo min wata takarda. Na gane rubutun, na Rediyo ne, maƙwabciyar teburina wadda bakinta ba ya hutu. Ita ke ƙirga kwanakin kofi don tsokana, yau ga tsokana ta zama shaida. A wata biyun nan kawai, ja hamsin da biyu, arba'in da ɗaya na Dattijo.

Na ce, "Yallaɓai, allon nan kalma biyu kawai ya iya, ja da kore, bai taɓa faɗa mana dalili ba. Kuma jan Dattijo, da an sake danna maɓalli sai ya koma kore, ba a taɓa ko harafi ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza. A ba ni dama in sa wa gwaje-gwajen ido, in bi sawun kowane ɗaya in ga inda yake tuntuɓe."

Ya daɗe yana juya biro. "Sati uku. Juma'ar ƙarshe ki kawo min abin da zan gani da idona. In babu, kin ji abin da na ce."

Gaskiya tsakanina da littafin nan, ni ma ina zaton laifin Dattijo ne. Ya girme mu duka, yana aiki a hankali kamar mai ɗinkin hannu. Tausayinsa na ji, ba yarda da shi na yi ba.

Talata, 4:50 na yamma

Na fara da sa ido, shi ne mai sauƙin. Kowane zagayen gwaji yanzu zai bar bayani: wa ya tura, ƙarfe nawa, minti nawa ya ci, wane gwaji ya faɗi, a kan wace na'ura. Na samo tsohon allo a ɗakin ajiya, na goge ƙurarsa, na jingina shi kusa da babban.

Rediyo ta leƙo ta ce, "Allo ɗaya ya hana mu barci, kin ƙaro masa ƙane."

Na ce, "Wannan ƙanen zai riƙa faɗin gaskiya."

"To Allah ya sa kar ya faɗi tawa."

Dariyar farko ke nan a ɗakin tun ranar Alhamis. Har Dattijo ya murmusa, bai ɗago kai ba.

Laraba, 5:30 na yamma

Babu abin da ya yi aiki. Kaina kamar zai rabe biyu.

Alhamis, 11:20 na safe

Bin sawun ne ke ba ni wahala. Abin da nake so shi ne kowane gwaji ya samu lambarsa, duk inda ya je ya bar alama: ya nemi mara lafiya a rumbun bayanai, ya jira amsa, ya samu ko bai samu ba, daƙiƙa nawa. Na haɗa komai daidai, na duba sau goma, amma wurin da sawun ya kamata ya taru fayau yake.

Sai da safen nan a mota na gano. Akwatin da gwaji ke gudana a ciki yana rufewa ne da zarar gwajin ƙarshe ya ƙare, kafin ya aika abin da ya tara. An rufe wa ɗan aike ƙofa da saƙo a hannu. Na sa masa ya tsaya daƙiƙa biyar ya juye kayansa kafin ya tafi.

Kwana biyu na kashe kan daƙiƙa biyar. Ba zan faɗa wa kowa ba.

Juma'a, 3:05 na yamma

Ya fito! Wallahi ya fito!

Sanduna ne a jere kan allo, gajeru da dogaye, suna sauka kamar matakala. Kowace sanda gwaji ɗaya ce, in ka taɓa ta sai ta buɗe ka ga duk inda ya leƙa. Shekara huɗu ina kiwon gwaje-gwajen nan, yau na fara ganin fuskokinsu. Har na kama wani da ke cin daƙiƙa arba'in yana jiran abin da ba zai taɓa zuwa ba, na gyara shi nan take.

Na kira Dattijo ya gani. Ya gyara gilashinsa, ya daɗe yana kallo, ya ce, "'Yata, wannan aiki ne mai kyau. Gani ya kori ji."

Bai san don shi ake yi ba. Ko ya sani, oho.

Asabar, 10:00 na safe

Baban yara na tsugune a falo yana kwance soket ɗin da ya ƙone. Mai gyaran wuta ne, gidajen mutane duk ya haska su, namu soket ɗin sai da ya yi wata uku yana jiran layi. Na yi masa bayanin bin sawu, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato Injiniya, sai yanzu kuka sayi tastar gwada wuta? Shekara huɗu kuna taɓa waya da hannu kuna cewa wane ne ya kawo shokin?"

Na jefe shi da filo. Amma ya faɗi gaskiya.

Yara sun cika gidan da hayaniya, ga wanki ya taru, ni kuwa raina fes. Ina ji a jikina za a dace.

Litinin, 1:25 na rana

Ja kuma, sunan Dattijo kuma.

Ba jan ne ya tsaya min a rai ba. Ranar Juma'a da yamma kofin ya koma teburin wani abokin aikinmu. Yau ƙarfe ɗaya saura biyar Dattijo ya tura aikinsa, ya ɗauki makullin babur, ya bi ta teburin mutumin, ya ɗauko kofin da kansa ya ajiye a nasa, sannan ya fita. Allon bai ma yi ja ba tukuna a lokacin. Ya hutar da mu ne.

Babu wanda ya yi tafi.

Talata, 4:10 na yamma

Na zuba tsofaffin bayanai na wata takwas a ƙaramin allo, na jera su da lokaci maimakon da suna. Jajayen Dattijo duk sun taru wuri guda kamar kaji a kan tsaba, tsakanin ƙarfe ɗaya da ɗaya da minti biyar. Safiya wasai, yamma wasai.

Na ja kujera kusa da Dattijo.

"Baba, in tambaye ka mana. Me ya sa kullum ɗaya saura biyar kake turawa?"

Ya cire gilashi yana gogewa da gefen riga. "Uwargida ce. Wata takwas ke nan da ta faɗi, ɓarin dama ya shanye. Hannun bai koma riƙe cokali ba tukuna. Da rana babu kowa a gidan, sai in je in ba ta abinci, in juya ta, in dawo. Shi ya sa nake turawa kafin in fita, don na'ura ta yi nata aikin ina hanya, kar a ce na ci lokacin ofis."

"Baba, ba ka taɓa faɗa ba."

"Wa ya tambaya?" Ya mai da gilashin. "Kuma tana samun sauƙi. Jiya ta riƙe kofi da kanta, rabin ruwan a jikina ya ƙare, amma ta riƙe."

Na koma teburina na yi ta kallon allo ban ga komai ba. Wata takwas muna tafi.

Laraba, 1:30 na rana

Na roƙi Rediyo ta tura wani ɗan gyara ɗaya saura uku, waƙafi ɗaya kawai ta ƙara a cikin bayani. Ja!

Ta dafe ƙirji. "Ni 'yar nan! Waƙafin nawa ne ya kashe gwaji goma sha ɗaya?"

Ba waƙafinta ba ne, ba kuma hannun Dattijo ba ne. Lokacin ne. An bar jaki ana dukan taiki. Sawun ya nuna gwaje-gwajen suna zuba marasa lafiya na ƙarya a rumbu tun farkon zagaye, su yi ta aiki da su lafiya lau, ƙarfe ɗaya na bugawa sai su nema su rasa. Wani abu ne ke kwashe su. Na sa rumbun ya riƙa rubuta sunan duk wanda ya shigo masa. Gobe zan ga ɓarawon.

Kamar in ruga ofishin Manaja yanzu. Na daure, sai na riƙe shi a hannu.

Alhamis, 1:12 na rana

Na ga sunan.

Alhamis, 6:00 na yamma

Labulen falon nan ya koɗe, ya kamata a canza shi. Takalmin babbar 'yata ma ya matse ta. Mota ta yi jinkiri yau, mun tsaya a mahaɗa kusan rabin awa, wani mai lemo ya yi ta faɗa da direba kan abin da bai kai ya kawo ba. Gishiri ya kusa ƙarewa.

Ba ni da abin rubutawa yau.

Juma'a, 12:40 na rana

Na shiga ɗakin ajiya, na fito. Minti biyu. Ba wanda ya gan ni.

Juma'a, 1:15 na rana

Dattijo ya tura ɗaya saura biyar. Kore. Rediyo ta yi guɗa, ni na ce kaina ke ciwo.

Asabar, 4:00 na yamma

Baban yara ya ce, "Injiniya, wa ya mutu?" Na ce ba kowa. Ya ce in miƙo masa tsintsiya ya share ɓurɓushin waya, na tashi fuu na bar masa falon. Ya bi ni da kallo. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Lahadi, 9:30 na safe

To, bari in rubuta, tun da takarda ba ta kai tsegumi.

Sunan da na gani shi ne tsintsiya. Ni na raɗa shi. Shekara biyu da rabi da suka wuce rumbun gwaji ya cika da marasa lafiya na ƙarya har gwaji yana jan ƙafa. Na rubuta ɗan shirin kwamfuta mai layi goma sha biyu, aikinsa ya share rumbun tas kowace rana. Na sa masa ƙarfe ɗaya na rana, don lokacin kowa ya fita cin abinci, ba mai turawa. Na ɗora shi a tsohuwar kwamfutar ɗakin ajiya, don na'urar gwajin lokacin ba ta iya ajiye lokaci ba. Gwaji ya yi sauri, aka yaba min a taro, a kansa aka ba ni kujerar da nake kai. Daga nan na manta da shi kamar ban taɓa yi ba. Ban rubuta shi a ko'ina ba.

Ita kuwa ba ta manta ba. Kullum ƙarfe ɗaya tana shara, ko da mutum a tsakar ɗakin.

Kuma ba kofin kaɗai ba ne. Saboda jan ƙarfe ɗaya muka saba cewa ja ba komai ba ne, a sake dannawa kawai. Ranar Alhamis ɗin can jan na gaskiya ne, aka ce irin na Dattijo ne, wani ya danna a wuce da shi haka. Wanda ya danna ya san kansa, ni ma na san shi, ba zan rubuta ba. Amma ni na koya wa ɗakin raina ja.

Shekaranjiya na kashe ta a ɓoye. Laifi tudu ne, na taka nawa na zauna ina tausayin wani.

Litinin, 2:00 na rana

Kore.

Talata, 3:40 na yamma

Kore tun safe. Manaja ya fito da kansa ya tsaya gaban allunan biyu, hannu a aljihu, ya ce a tafa min. Aka tafa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bayan nan ya kira ni ciki, fuskarsa a sake.

"Kin gani ko, Malama? Tun da ya san ana kallonsa ya shiga taitayinsa. Aikinki ya yi kyau. Amma ni ba zan iya riƙe mutumin da sai an sa masa ido yake aiki daidai ba. Ranar Juma'a ki yi bayaninki, ni kuma in ba shi takardarsa."

Na buɗe baki na ce, "To, Yallaɓai."

To na ce. Da bakina.

Laraba, 6:50 na safe

Na faɗa wa Baban yara yana ɗaura takalmi. Na yi zaton zai yi tsokana, bai yi ba. Ya zauna a bakin gado.

"Za su iya korarki?"

"Za su iya. Bayan abin Alhamis neman wanda za a ɗora wa ake yi."

Na san yara yake tunani, ni ma su nake tunani. Can ya ce, "Akwai gidan da na taɓa haɗa waya ba daidai ba, firjinsu ya yi ta ƙonewa, suna ta zargin mai aikinsu da wasa da soket. Na koma na gyara a ɓoye, ban ce komai ba. Da na sake zuwa bayan wata guda, wata mai aikin daban ce ta buɗe min ƙofa." Ya ja igiyar takalmin. "Shekara tara ke nan, har yau ba na bin layin nan."

"Ba ka taɓa faɗa min ba."

"Ba abin faɗa ba ne. Ke dai, in sun kore ki, ina neman mai riƙe min tsani."

Na yi dariya da hawaye a fuska. Mutumin nan ba dama.

Alhamis, 10:15 na safe

Dattijo na fara faɗa wa, a kan matakala, don shi ya fi cancanta ya ji kafin kowa. Na faɗi komai, har da minti biyun ɗakin ajiya. Ban iya kallon fuskarsa ba, takalminsa na yi ta kallo.

Da ya yi magana muryarsa ta canza.

"Wata takwas, 'yata. Nakan koma gida in ce wa uwargida ko dai kaina ne ya fara tafiya. Nakan duba layi ɗaya sau biyar. Har na fara tunanin ko gara in ajiye aikin da kaina."

"Ka yafe min, Baba."

"Kuskure kika yi, wannan kowa na yi. Na ranar Juma'ar ne ya yi min ciwo." Ya numfasa. "Amma ga shi kin zo da ƙafarki. Me kike so in yi?"

Na ce kar ya yi komai, gobe dai kar ya tura, ya bar min ɗaya saura biyar ɗin.

Alhamis, 4:30 na yamma

Na koma ɗakin ajiya na sake kunna tsintsiya. Wannan karon na bar ƙofa a buɗe.

Juma'a, 7:30 na safe

Ina bencin ƙasan bene. Yau ƙafata ba ta yi nauyi ba. Allah ya sa mu dace.

Juma'a, 5:20 na yamma

Na roƙi a sa taron ƙarfe sha biyu da rabi. Na nuna ƙaramin allo, na nuna yadda jajayen suka taru a ƙarfe ɗaya. Manaja yana gyaɗa kai yana duba agogo. Ɗaya saura biyar na juya masa kwamfutata.

"Yallaɓai, ka ce kana son abin da za ka gani da idonka. Don Allah ka shiga da sunanka, ka ƙara aya ɗaya a nan, ka tura."

Ya kalle ni kamar na zauce, amma ya yi. Muka zauna mu takwas muna kallon sanduna suna saukowa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfe ɗaya da minti biyu babban allo ya yi jawur, da sunan Manaja ɓaro-ɓaro a sama.

Rediyo, Allah ya shirye ta, ta miƙe ta ɗauko jan kofi ta dire a gabansa. "Doka ce, Yallaɓai, ba ni na kafa ba."

Wani ya ƙyalƙyale ya mai da shi tari. Manaja bai yi dariya ba. Ya ce, "Aya ɗaya na sa."

"Haka ne, Yallaɓai. Dattijo ma bai taɓa sa abin da ya ɓata ba."

Na buɗe sandar da ta faɗi. Ga gwaji ya zuba marasa lafiyarsa, ga shi yana aiki da su, ga ƙarfe ɗaya da daƙiƙa biyu wani ya shigo rumbu ya share komai, ga gwajin ya nema ya rasa. Na ƙara girman rubutun har na bayan ɗaki ya iya karanta sunan.

"Wace ce tsintsiya?" in ji Manaja.

"Tawa ce. Ni na rubuta ta, ni na manta da ita. Na gano tun Alhamis ɗin makon jiya, na kashe ta a ɓoye, shi ya sa kuka ga kore. Ba Dattijo ne ya gyaru ba, don bai taɓa lalacewa ba. Kuma saboda ita muka daina jin tsoron ja, har ranar da jan ya zama na gaskiya."

Da na faɗi wannan na ƙarshen, Manaja ya sauke ido kan tebur, ya daɗe bai ɗago ba. Ban ƙara ko kalma a kai ba. Na miƙa hannu na ɗauke kofin daga gabansa na kai teburina.

Ya ce kowa ya tafi cin abinci, ni in tsaya. Dattijo ya riga ya makara, na ga yana sauka matakala da gudu irin na tsofaffi.

Abin da aka faɗa min a ofis ba mai daɗi ba ne, kuma na cancanci kowace kalma. Akwai takarda da za ta shiga fayil ɗina. Da zan fita ya ce, "Tsintsiyar nan, a mai da ita cikin na'urar gwaji inda kowa zai gan ta, ta jira sai ba kowa a rumbu. Kuma daga yau ba mai sake danna maɓalli sai ya buɗe sawu ya karanta. Har ni."

Ban tambaye shi zancen Dattijo ba, ban ga fuskar tambaya ba.

Asabar, 11:00 na safe

Na yi barci kamar an ɗauke min dutse daga ƙirji. Baban yara ya ce tsanin dai yana nan in na canza shawara.

Litinin, 10:40 na safe

An kira Dattijo ofis. Minti shida. Ya fito da takarda a ninke, ya zauna, ya gyara gilashi, ya ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Rediyo ta kasa haƙuri.

"Baba, don girman Allah, ka kashe mu da rai!"

Bai ɗago ba ya ce, "An ƙara min shekara guda. Kuma an ce hutun ranata awa ɗaya da rabi ne."

Wannan tafin na yi shi da zuciya ɗaya.

Litinin, 1:20 na rana

Na dawo daga wanke hannu na tarar da jan kofin a teburina inda na bar shi, amma an wanke shi, an naɗe tsagaggen hannun da salatif, shayi a ciki yana tururi. Dattijo na tsaye da makullin babur, ya riga ya tura aikinsa.

"Baba, kofin laifi ne fa."

"Kofi ne, 'yata. Don a sha aka yi shi. Sha kafin ya huce, ni na tafi, ana jirana."

Ya fita. Na zauna ina kallon sanduna suna saukowa, ƙarfe ɗaya ta buga, suka ci gaba da saukowa. Ɗaya da minti tara allo ya yi kore da sunansa a sama. Na ɗauki hoto na aika masa.

Yanzu amsa ta shigo. Bai rubuta komai ba, hoto ne shi ma: hannun tsohuwa, a ɗan karkace, riƙe da cokali.

Shayin sukari ya yi masa yawa. Na shanye tas.